Tseren keken dutse na kwana da kwanaki: waɗanda suka taɓa yi, ina wuyar take?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tseren yini ɗaya ba baƙona ba ne, na kilomita 80 ko 100 ina gama shi da sauran ƙarfina. Yanzu wani abokina ya tasa ni gaba sai mun shiga tseren zango-zango, irin wanda ake mako guda ana yi, kuma idonsa na kan Cape Epic ta Afirka ta Kudu. Na duba alƙaluman: kilomita 600 zuwa 700 cikin kwana takwas, hawan tudu kuma in an tara shi ya kai mita 15,000. Da na raba sai na ga kowace rana ba ta fi abin da na saba yi ranar Asabar ba. To ina wahalar da ake ta zuzutawa? Don Allah wanda ya taka feda a can da ƙafarsa nake son ji daga bakinsa, ba wanda ya kalla a YouTube ba.

Tsohon Feda:
Wa alaikumus salam ƙanena. Lissafinka daidai ne, Lahadi kawai ka manta. A gida in ka yi kilomita 90 ranar Asabar, washegari kwanciya kake yi, ka miƙe ƙafa. A can washegari wata 90 ɗin ce, jibi ma haka, gata ma haka.

Na yi Cape Epic, kuma abin da ba wanda ya gaya mini kafin in je shi ne, mu na baya tserenmu ya fi na ƙwararru tsawo. Hanya ɗaya muke bi da su, amma zangon da suke gamawa cikin awa huɗu, ni da abokina sai mu ci awa takwas ko tara a kansa. Kafin azahar sun yi wanka, an matsa musu jiki, bakanikensu ya karɓi keke, sun kwanta. Mu kuwa sai la'asar muke shigowa, bayan mun sha ranar tsaka duk a kan sirdi, a yankin da zafin watan Maris kan kai digiri 40. Kuma shigowar ba hutu ba ne. Ka kai keke wurin wanki, ka bi layin banɗaki, ka nemo tantinka cikin ɗaruruwan tantuna iri ɗaya, ka wanke wando, ka cika gorunan gobe, ka tura abinci ko ba ka so. Kana rufe ido, na tantin kusa ya fara minshari. Ƙarfe biyar na asuba an tashi, bakwai an tashi tsere. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi, don haka kullum tazarar da ke tsakaninku ƙaruwa take yi.

A rana ta huɗu na ga abin da ya ba ni tsoro. Hawan da a ranar farko agogona zai nuna bugun zuciya 165 a minti, ran nan ina dannawa da iya ƙarfina amma ya ƙi wuce 140. Na zaci agogon ne ya lalace. Wani dattijo da muke hawa tare, wanda ya gama tseren sau da yawa, ya yi dariya ya ce agogonka lafiya lau, jikin ne ya ja birki da kansa. Daga ranar ƙafafuna kamar an ɗaura musu turmi duk safiya, sai an yi awa guda ana tafiya suke sakewa.

Uwar Biyu:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ni a wurina ba ƙafa ce ta fi wuya ba, abokin tafiya ne. Malam Sabon Shiga, ka lura da yawa daga cikin manyan tseren nan mutum biyu-biyu ake shiga. A Cape Epic doka ce kada tazarar da ke tsakaninku ta wuce minti biyu, in ta wuce a ci ku tarar lokaci. Wato ƙarfinka ba naka ba ne, saurin wanda ya fi gajiya a cikinku shi ne saurinku.

Ni Transalp na yi, wadda ake ratsa tsaunukan Alps a ƙare a yankin tafkin Garda na Italiya, tun 1998 ake yin ta. Hawan can ba irin na hau-sauka ba ne. Sai ka kama tudu ɗaya ka yi awa biyu kana hawa bai ƙare ba, ka bar zafi a ƙasa ka tarar da sanyi mai shiga ƙashi a sama, yatsunka su sandare lokacin da kake buƙatarsu a kan birki. Na tafi da wata ƙawata wadda ta fi ni ƙarfin hawa nesa ba kusa ba. Kwana biyun farko duk tudu sai ta yi gaba, ta tsaya a sama tana jirana, ina isowa numfashina na fita sama-sama sai ta ce "mu je". Ita ta huta, ni ko daƙiƙa ban samu ba. Ba mugunta take yi ba, ba ta ma san tana yi ba. A dare na biyu ko kallon juna ba mu yi a wurin cin abinci.

Da safe muka zauna muka yi magana ta fahimta. Muka tsayar cewa mai rauni ita ce a gaba a kan tudu, mai ƙarfi ta zauna a baya, ta ɗauki kayan gyara da ƙarin ruwa, in ta kama ta ɗora hannu a bayan 'yar'uwarta ta tura. A rana ta biyar abin ya juya, gwiwarta ta kumbura, ni ce na dawo mai turawa. Shi ya sa nake cewa kafin ka tambayi nisan hanya, ka tambayi kanka yadda abokin nan naka yake in yunwa ta kama shi.

Dogo:
Ni ina da ja a kan ƙirga kilomita ɗin nan gaba ɗaya. Ku je BC Bike Race a Kanada ku gani. Zangonta gajeru ne, wata rana ko kilomita 50 ba a kaiwa, amma kusan duka siririyar hanya ce cikin daji, saiwoyi a jiƙe, duwatsu masu santsi, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Babu inda za ka saki jiki ka ci abinci, babu inda za ka fake a bayan wani ya tare maka iska. Ƙafata ba ta taɓa damuna ba a makon nan. Hannu ne da kafaɗa da wuya. Akwai daren da na kasa murɗa murfin gora.

Kuma gajiyar ƙwaƙwalwa daban take. Waɗanda na ga sun faɗi, yawanci ba a wurin da aka kafa alamar haɗari suka faɗi ba, can kowa a farke yake. A shimfiɗaɗɗen wuri suke faɗuwa, kusa da ƙarshen zango, hankali ya riga ya tafi wurin wanka. In gangara na ba ka tsoro, kowace gangara aiki ce a wurinka alhali wasu hutawa suke yi a cikinta, kuma wannan bambancin in ya taru kwana bakwai ba ƙarami ba ne.

Tsohon Feda:
Dogo, ba mu saɓa ba. Wanda bai iya gangara ba shi ne dai wanda zai shigo da la'asar.

Mai Sifana:
Ni ta ɓangaren ƙarfe zan yi magana, don na yi tseren kuma na yi wa wasu gyara a sansani. Keken da yake shekara bai ba ka matsala ba, mako guda na tsere zai tona duk abin da yake ɓoyewa. A La Ruta de los Conquistadores ta Kosta Rika, wadda ake tashi daga gaɓar tekun Fasifik a ƙare a gaɓar Karibiyan, kwana uku ne kacal, amma kada gajartar ta ruɗe ka. Akwai laka a dajin ranar farko da ke cika tsakanin taya da firam har tayar ta daina juyawa, ka saɓa keke a kafaɗa nauyinsa ya ninka. Takalmin birki sabo fil zai iya cinyewa a yini ɗaya cikin irin wannan taɓo. A ranar ƙarshe kuma ga tsofaffin gadojin jirgin ƙasa, kana ɗauke da keke kana taka katako ɗaya-ɗaya, kogi na gudu a ƙarƙashinka ta tsakanin ramukan.

Ka tafi da takalman birki na ajiya, da mahaɗin sarƙa, da ɗan ƙarfen nan da giyar baya ke rataye a jikinsa, don kowane keke da irin nasa, in ya karye ba lallai ka samu a sansani ba. Taya kuma marar tif, mai ruwan liƙe huda a ciki, mai kaurin gefe. Gara ƙarin nauyi kaɗan da tsayuwar faci a rana. Kada ka sa wani abu sabo a makon tsere, musamman sirdi da takalmi.

Na Baya Ga Dangi:
Tunda an ambaci sirdi, bari in faɗi abin da kowa ke jin nauyin faɗa. Mazaunai. Gumi da ƙura da gugar awa takwas kullum, fata ta saɓule, wani ma maruru ya fito masa. Da asuba za ka ga layi a gaban tantin likitoci, manyan mutane sun yi shiru kowa na kallon ƙasa, ana jiran a manna musu filasta. Na san mai ƙarfin da ya fi ni nesa wanda wannan ne ya fitar da shi. Kana sauka daga keke ka cire wandon nan, kada ka zauna hira da shi a jikinka, kuma kowace rana da wankakke busasshe.

Sai ciki. Abin da jiki ke ajiyewa na sukari a tsoka da hanta ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu in ana aiki mai ƙarfi, shi ya sa masana ke cewa a riƙa cin giram 60 zuwa 90 na sitaci ko sukari duk awa. A takarda abu ne mai sauƙi. A rana ta biyar kuwa ganin ledar abin zaƙin da ake tsotsa a kan keke kaɗai sai ya tayar maka da zuciya, harshenka ya yi tsami, gishiri kawai kake marmari. Kuma abin da ka ci yau ba na yau ba ne, na gobe ne. Duk ranar da na gaza cin abincin dare sosai, washegari tun kafin hantsi nake biya. Ga gudawa da kan bi sansani in mutane da yawa suna cuɗanya wuri ɗaya. Wanke hannu ya ceci tseren mutane fiye da tsadar keke.

Na kuma yi Breck Epic a Kolorado ta Amurka, kwana shida. Garin da ake kwana kansa yana kusan mita 2,900 sama da teku. Can barci ne ya gagare ni, sai in farka tsakar dare ina haki alhali a kwance nake.

Ɗan Sauƙi:
Haba jama'a, kun tsorata bawan Allah. Ni kam makon tsere yana cikin mafi sauƙin makonnin da na taɓa yi a rayuwata. Ba aiki, ba waya, ba mai nemanka, an ɗauke maka jaka, an dafa maka abinci. Ka hau keke, ka ci, ka kwanta. Wahalar gaske tana cikin watannin shiri, tashin asuba kafin a tafi aiki, da iyali da ke ganin bayanka duk ƙarshen mako. In ka yi shirin, kuma ka danne zuciyarka a kwana biyun farko lokacin da kowa ke gudu don zumuɗi, za ka gama. Mutanen da na wuce a rana ta shida su ne waɗanda suka wuce ni fuu a rana ta ɗaya.

Amma kada ka fara da ta kwana takwas. A Afirka ta Kudun ma akwai sani2c da Wines2Whales, kwana uku-uku, bibbiyu ake shiga. Ku je ku gwada kanku a can tukuna.

Tsohon Feda:
Ɗan Sauƙi, kai kana shigowa da wuri shi ya sa. Ka tambayi wanda ke tsere da agogon rufe zango. Kowace rana akwai iyakar lokaci, kuma a Cape Epic in ka wuce ta sau ɗaya sai a canja maka lamba zuwa shuɗiya: za ka iya ci gaba da hawa, amma ba ka cikin waɗanda za a ƙirga sun gama. Na ga wani ya iso 'yan mintoci bayan an rufe, ya yini yana fama da sarƙa, ya zauna a ƙasa bai ko cire hular kwano ba. Washegari na gan shi a layin tashi da shuɗiyar lambarsa.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jikina ya ɗan yi sanyi amma ban fasa ba. Baba, ta yaya mutum zai gane ya shirya tun yana gida?

Tsohon Feda:
Ka jera kwana uku, Juma'a da Asabar da Lahadi, awa biyar ko shida kowace rana, a hanyar dutse ta gaske, da abincin da za ka ci a tsere da wandon da za ka sa. Kada ka duba saurinka na Juma'a, ba ya nuna komai. Ka duba na Lahadi, ka kuma duba ko ka iya cin abincin dare ranar Asabar. In saurin Lahadi ya yi kusa da na Juma'a, kana kan hanya. In ya zube, to ko dai ka fara da zafi ko ba ka ci isasshe ba, ka gyara ka sake bayan mako uku.

Uwar Biyu:
Kuma ku yi kwana ukun nan tare da abokin naka, ba kowa nasa daban ba. Tsakaninku wa ya fi ƙarfin hawa, Malam?

Sabon Shiga:
Shi ne, Hajiya. Kuma irin masu jira a saman tudu ne su ce "mu je". Zan tura masa abin da kika rubuta yau da dare.