Tambaya kan lamba 2,147,483,647 da rukunin da take ciki

Ɗaliba:
Assalamu alaikum, malamai. Na sha cin karo da lamba 2,147,483,647 a darasin kwamfuta, an kuma ce mana ba ta rabuwa da kowace lamba sai ɗaya da ita kanta. Ta yaya aka tabbatar da hakan ga lamba mai alƙaluma goma, kuma a wane rukuni masana lissafi suke sanya ta?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam, Malama. Idan kika jera biyu sau 31 kika ninka su da juna, sannan kika cire ɗaya, wannan lambar za ki samu. Lambobin da aka gina ta wannan hanya ana jingina su ga Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa, wanda ya fitar da jerinsa a 1644, kuma wannan ita ce ta takwas cikin waɗanda ba sa rabuwa. Sai dai tsarin ba ya ba da tabbaci, domin idan aka yi haka da 11, abin da ke fitowa shi ne 2047, wadda take daidai da 23 sau 89.

Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya kawo hujjar cewa 2,147,483,647 ba ta rabuwa a 1772, lokacin da ganinsa ya kusa gushewa gaba ɗaya. Bai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba. Ya san cewa da lambar tana rabuwa, dole a sami mai raba ta ƙasa da 46,341, kuma duk lamba marar rabuwa da za ta raba ta sai ta bar ragowar 1 ko 63 idan aka kasa ta gida 248. Da wannan sharaɗi ya zubar da mafi yawan lambobin, ya gwada 'yan kaɗan da suka rage da hannu. A ganina dabarar ta fi sakamakon armashi.

Mai Bibiya:
Allah ya ƙara basira, Malam. Zan ƙara da cewa ita kanta 31 daga wannan gida ta fito, domin idan aka jera biyu sau biyar aka ninka su da juna, sannan aka cire ɗaya, ita ake samu. Lambobi huɗu kacal aka sani masu wannan nasaba biyu waɗanda ba sa rabuwa, cikinsu har da 7 da 127. Haka kuma, idan aka ninka 2,147,483,647 da 1,073,741,824 ana samun kammalalliyar lamba, wato wadda jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, take daidai da ita, kamar yadda 1 da 2 da 3 suke haɗuwa su ba da 6.

Injiniya:
Dalilin bayyanarta a darasinku, Malama, shi ne ita ce iyakar abin da gurabe 32 na sifili da ɗaya, waɗanda kwamfuta ke adana lamba a cikinsu, suke ɗauka idan aka ware gurbi guda domin nuna ko lambar tana ƙasa da sifili. Tsofaffin manhajojin da ke ƙidayar daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970 za su cimma wannan iyaka ranar 19 ga Janairu 2038, shi ya sa ake mayar da su gurabe 64.