Bin yatsa da ido magani ne, ko rukiyya ta isa?

Maman Hanif: Salamu alaikum. Ƙanena ya yi wata biyu a hannun 'yan bindiga kafin mu biya fansa. Wata takwas ke nan da dawowarsa, amma da ya ji ƙarar babur sai jikinsa ya hau ɓari, barci kuwa sai mafarkin daji. Wata likitar ƙwaƙwalwa ta ce za ta yi masa wata hanyar magance firgici da ake kira EMDR, wai ya riƙa tuno abin da ya faru yana bin yatsanta da ido, dama da hagu. Kawunmu ya ce tsibbu ne, rukiyya kaɗai za a yi.

Malam na Bakin Kasuwa: Kawu bai yi ƙarya ba. Wanda ya kwana daji wata biyu, shafar iska ba abin mamaki ba ce. Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi sun ishe shi.

Anti Nas: Allah gafarta Malam, wane aljani ne ke jiran ƙarar babur kafin ya tashi? A kan babura aka zo aka ɗauke shi, jikinsa ne bai yarda an tsira ba. Francine Shapiro ta Amurka ce ta fara wannan hanya ta EMDR a 1987, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin magungunan irin wannan firgici.

Baban Zara: Anti, a faɗi duka. Har yau masana na jayayya ko motsin idon na ƙara wani abu. Wasu sun ce tuno abin a hankali, gaban wanda ya san aikinsa, shi ne maganin, yatsan ado ne.

Anti Nas: Ko da ado ne, ai ana samun sauƙi. Ni dai tsorona masu rukiyya da bulala. Mun manta mutum sama da 300 da 'yan sanda suka fito da su daga gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa?

Malam na Bakin Kasuwa: Subhanallah, dukan mutum ba rukiyya ba ne. Kuma Manzon Allah (SAW) ya ce bayin Allah su nemi magani. A je wajen likitar, amma kar a bar masa azkar ɗin safe da yamma.

Maman Hanif: Na karanta wa Kawu duka. Ya yarda a je ranar Litinin, amma ya ce shi zai raka shi, sai ya ga yatsan nan da idonsa.