Da a ce Malam Abdullahi bai dawo daga Kano ba

Marubuciya (Birnin Kebbi): Assalamu alaikum. Na fara wani ƙagaggen labari, an ce mini bai halatta ba, shi ne na kawo muku. Kun san kafin a ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas, don ya ga son mulki da dukiya sun fara cin zukatan jama'a. Kanawa suka roƙe shi ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, daga baya ya komo gida. A nawa labarin bai komo ba. Ya wuce, ya ɓoye sunansa, ya ƙare rayuwarsa yana koyar da yara allo a wani ƙauye kan hanyar Makka.

Kawu (Gwandu): Ɗiyata, wagga magana ba ta yi ba. Kabarinsa na nan Gwandu, ana ziyara. Kuma Annabi (SAW) ya hana cewa "da na yi kaza", don tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan.

Malamin makaranta (Jega): Allah shi ƙara girma, Kawu, amma hadisin nan kan wanda abu ya same shi ne yake ƙorafin ƙaddara. Ita ba ƙorafi take ba. Shi kansa Malam ya faɗi abin da ya kore shi a littafinsa Tazyinul Waraƙat, ba ita ta ƙaga masa wannan ƙunci ba.

Ɗalibi (Aliero): Anti, ni damuwata daban ce. In bai dawo ba, wa Shehu zai danƙa wa yammacin daula a 1812? Nupe da Ilorin wa za su bi? Yakubu Nabame da ya ta da Kabawa a 1849, da wa zai kara? Can labarin yake, kin bar shi kin bi mutum guda.

Marubuciya: Mutumin nan guda shi ne ya hana ni barci, ƙanena. Akwai wurin da na rubuta yana zaune a zauren wani malami, wani matafiyi na rera waƙar Malam Abdullahi ta Larabci yana kuskuren baiti. Bakinsa na ƙaiƙayin gyara, amma in ya gyara an gane shi. Sai ya sunkuyar da kai. Ba an ce Allah na son bawa mai taƙawa, mai wadatar zuci, ɓoyayye ba? Ina son in san nawa ɓuyan nan ke ci.

Kawu: Ba a rufe rana da tafin hannu. Sarkin Musulmi Attahiru ya bar Sakkwato a 1903, jama'a sunka bi shi tururuwa har Burmi inda Turawa sunka kashe shi. Babba irin wanga ba ya fita shi kaɗai.

Hajiya (Argungu): Tsorona yaranmu ne. Wani zai yanko rabin labarin ya watsa a WhatsApp, gobe a ce tarihi ne. Ki sauya suna mana, 'yar nan, ki ce wani malami ne a wata ƙasa.

Marubuciya: Hajiya, in na sauya suna, nauyin abin da ya bari a baya ya tafi. Zan dai rubuta a kan kowane babi cewa ƙage ne, in sa ainihin abin da ya faru a ƙasa.

Kawu: Ban yarda ba tukuna. Ki turo mini babin zauren nan in gani, kada ki ba kowa sai na karanta.