DT ɗina ya daina ja tun da na hau Mambila

Mai DT: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka min, raina a ɓace yake. Ina da mashin Yamaha DT125, mai shan 2T, man injin nan da ke ƙonewa tare da fetur. Na saye shi ne a hannun wani ɗan'uwan matata da ya yi aikin gona da shi, kuɗin ma sai da na haɗa da na adashe, ragowar kuma har yau ana min waya a kai, ga uwargida tun farko ba ta so sayen ba. A Yola lafiya lau yake gudu. Aka yi min canjin wurin aiki zuwa Gembu, can kan tsaunin Mambila, ina shiga rugage yi wa shanu allura, shi ke nan mashin ya zama wani abu daban. In na murɗa totur sai ya riƙa ɓurɓur, hayaƙi kamar me, ba ya hawa tudu sai a giya ɗaya. Fulogi na yin baƙi ya jiƙe. Wani yaro ya wanke kafireto, babu canji. Na ji ana cewa a canja jet, ɗan ƙarfen nan mai huda da fetur ke bi a cikin kafireto. Wace lamba zan sa?

Oga Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, mashin ɗinka ƙalau yake, iska ce ta yi masa kaɗan. Yola ƙasa-ƙasa take, Mambila kuwa tsayinta ya kai wajen mita 1,600. A can sama iska ba ta da kauri, amma kafireto na zuba fetur yadda ya saba a Yola, sai mai ya rinjayi iska. Baƙin fulogin ke nan. Kuma kada ka fara da jet. Kafireton Mikuni ne, aikinsa a rabe yake: ƙaramin jet da sukurun iska su ke riƙe silo zuwa rubu'in totur, allura daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu, babban jet sai ka murɗe duka. A ina yake ɓurɓur ɗin? In a tsakiya ne, buɗe hular kafireto, zaro allurar, za ka ga gaɓa-gaɓa a kanta da ɗan kilif. Mayar da kilif ɗin gaɓa ɗaya sama, allura ta sauka, mai ya ragu. Ko sisi ba ka kashe ba.

Ɗan Jos: Ni dai ban yarda da zancen tudun nan ba. Jos ma ai kan dutse take, na hau Suzuki shekaru ban taɓa taɓa allura ba. Salansa ce ta toshe da kabon. Cire ta ka ƙona a wuta, ka kakkaɓe.

Oga Bakanike: Ɗan Jos, naka a Jos aka saita shi, a Jos ya tsufa. Nasa daga kwari ya hauro.

Baban Yara: Ku bar batun allura, fetur ɗin 'yan bumburutu ne. Ni haka suka kashe min janareto, kalanzir suka gauraya, da na koma yaron ya rantse min da Allah. Wallahi mutane sun daina tsoron hisabi, ga tsada ga algus.

Mai DT: Baba, a gidan mai nake sha in akwai. Salansa kuma wanda ya sayar min ya ce ya ƙona ta, kuma ba mutumin da zai yi min ƙarya ba ne. Oga, ni jet nake tambaya, don yaron da ya wanke kafireton ya riga ya ɗan buɗa shi da waya wai mai ya fi wucewa.

Oga Bakanike: Inna lillahi! Kuma sai yanzu kake faɗa? Mashin na kukan mai ya yi masa yawa, an ƙara masa rami. Jet tagulla ne, waya na cinye shi, lambar da ke jikinsa ta tashi aiki. Nemo sabo mai lambar asali, ka haɗo da wanda ke ƙasa da shi mataki ɗaya. Sa sabon fulogi, NGK B8ES, hau tudu a murɗe, ka kama kuloci ka kashe inji nan take, kada ka bar shi ya yi silo. Cire fulogin ka duba: in ya yi kalar shayi da madara, ka dace. In ya yi fari fat, maza mayar da babban, inji zai yi zafi fistin ya kama. Kuma ranar da za ka sauka Yola, ka mayar da saitin da.

Mai DT: Yaron ba shi da laifi, Oga, ni na ce ya yi. Kuma mashin ɗin ya ɗan fi ja da safe.

Oga Bakanike: Sanyin safiya ne, iska ta fi kauri. Ba aikin yaronka ba ne.

Ɗan Agadas: Babu wanda ya tambayi soson iska. Mu nan ƙura ke toshe shi, alamun duk iri ɗaya ne. Sannan famfon 2T na aiki, ko a tanki kake haɗawa? Man giya na raguwa? In yana raguwa, sil ɗin gefen kuloci ne ya tafi, inji na zuƙar baƙin mai, ko jet goma ka canja hayaƙi ba zai daina ba.

Mai DT: An cire famfon tun kafin in saya. Ina zubawa da ido, nakan ƙara kaɗan don tsaro, gara hayaƙi da nokin.

Oga Bakanike: Da ido! Malam, samo abin awo. Cokali ma ya fi ido.

Ɗan Jos: Kun gani? Mai zuba 2T haka, salansarsa a toshe take. Ƙona ta kawai.

Baban Yara: 2T ɗin ma jabu ya cika kasuwa.

Mai DT: Na gode duka, Allah ya saka. Zuba man nan haka mai shi na farko yake yi, bai taɓa ba shi matsala ba. Gobe akwai motar Jalingo, zan ba direba saƙon jet. To wace lamba zan ce masa?

Oga Bakanike: Wace lamba ce a jikin naka?

Mai DT: Ta goge, ba ta karantuwa.