Gudun fanfalaki cikin ruwan sama: ƙafata ce matsala

'Yan'uwa masu gudu, don Allah a taimaka. Ina shirin gudun fanfalaki, kilomita 42 da ɗoriya, kuma an ce ranar za a wuni ana ruwa da iska. Da zarar takalmina ya jiƙe, safa ta fara goga, kafin kilomita 25 tafin ƙafata ya yi bororo. Na shafa Vaseline, na daina sa safar auduga, abin bai sauya ba.

Ga kuma rigar ruwa: in na sa, zufa ta dame ni, in na cire, sanyi ya kama ni. A gasar gudun fanfalaki ta birnin Boston na Amurka a 2018 ma sanyi ya sa gwanaye da dama suka janye.

Ku da kuka taɓa yi, filasta kuke naɗawa, ko canza safa a hanya ya fi?