Neman shawara: in rage gudu da giya ko in taka birki?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum direbobi da makanikai na wannan zaure. Ban jima da fara tuƙa mota mai giyar hannu ba, kuma akwai abin da ya ɗaure min kai. Wanda ya koya min tuƙi ya ce in zan rage gudu in riƙa sauko da giya, daga biyar zuwa huɗu zuwa uku, injin ya riƙe motar, birki sai a ƙarshe. Makaniken da ke duba min motar kuma ya ce in daina, wai kulochi nake cinyewa a banza. Ga wani abokina shi ma da tasa, wai a gangara a saki mota a fri, wato a cire ta daga giya, don tsimin mai. Hanyar da nake bi tana da doguwar gangara mai lanƙwasa, kuma sau da yawa da iyali nake bin ta, shi ya sa abin ya dame ni. Motar ta fetur ce, mai injekta, wato irin wadda kwamfuta ke auna wa injinta mai. Wacce zan ɗauka?

Wani makanike:
Wa alaikumus salam ƙanena. A cikin gari maganar makanikenka ce gaskiya. In ka hango inda za ka tsaya, ɗaga ƙafa daga totur, bar motar a giyar da take, taka birki a hankali, sai gudu ya mutu sosai kana ka taka kulochi. Ba sai ka bi giya ɗaya bayan ɗaya ba. Canza fad ɗin birki, wato abin da ke goga ƙarfe ya tsayar da taya, ƙaramin aiki ne, taya kawai za a cire. Kulochi kuwa sai an sauke akwatin giya kafin a kai gare shi. Amma ka gane, riƙon da inji yake yi wa mota ba shi ke cin kulochi ba. Abin da ke cinsa shi ne gogar da yake yi lokacin da kake sakinsa, musamman in juyin inji bai dace da gudun mota ba. Da zarar ya kama, ka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, babu abin da ke goguwa.

Tsohon direban babbar mota:
Yaro, ka gaya wa abokin nan naka ya ji tsoron Allah ya bar sakin mota a fri. Wannan ita ce maganar da ta fi tsaya min a rai cikin duk abin da ka rubuta. Birki gudun mota yake mayarwa ya koma zafi. In ka ɗora ƙafa a kansa tun daga saman gangara har ƙasa, fad zai yi zafi har ya daina kamawa, ka fara jin ƙauri, kana takawa da ƙarfi motar tana ƙara gudu. In abin ya yi tsanani man birki ya tafasa, ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa sakayau. A lokacin neman giya ya zama wahala, domin motar ta riga ta ɗauki gudun da ƙaramar giya ba za ta shiga lafiya ba.

Abin da aka koya mana tun muna yaran mota: giyar da za ka hau da ita, da ita za ka sauka. Kuma tun kana sama ake zaɓenta, kafin motar ta fara zubowa. In gudu ya ƙaru, taka birki sosai na ɗan lokaci, ka sake shi ya sha iska, ba ka kwantar da ƙafa a kai ba. Kashe inji a gangara kuwa, kada ma ka fara. Birki zai yi tauri bayan taku kaɗan, sitiyari ya yi nauyi.

Wani malamin koyar da gyaran mota:
Baba ya gama magana, sai dai in ƙara bayani kan mai. Malam, a mota mai injekta irin taka, fri ba ya tsimin komai a gangara. In kana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, matuƙar juyin inji ya haura na silo sosai, wato juyin da yake yi in mota tana tsaye a kunne, kwamfutar motar tana yanke fetur, tayoyi ne ke juya injin. In ka sa fri kuwa dole ta ci gaba da ba shi mai don kada ya mutu. Maganar abokinka ta samo asali ne daga zamanin kafireta, tsohuwar na'urar haɗa mai da iska kafin zuwan injekta. Riƙon da kake ji ma daga rufewar totur yake zuwa: fistoci, ƙarafan da ke kai da komo cikin inji, suna jan iska ta ƙofar da ta kusa rufewa. Shi ya sa manyan motocin dizal, da riƙon injinsu ba shi da ƙarfi in aka kwatanta da nauyinsu, ake ƙara musu birkin salansa ko birkin inji na musamman.

Batun tafasa kuma, man birki nau'in DOT 3 sabo ana buƙatar ya jure aƙalla digiri 205 a ma'aunin salshiyos kafin ya tafasa, DOT 4 kuma 230. Amma yana tsotsar ruwa daga iska, in ya tsufa iyakar kan sauko zuwa 140 da 155. Kamfanoni da yawa suna cewa a canza shi duk shekara biyu. Tun da iyali kake ɗauka, duba yaushe aka canza naka.

Wata 'yar uwa mai tuƙi:
Abu ɗaya da ba a ambata ba: in da giya kaɗai ka rage gudu, wutar birkinka ta baya ba ta kamawa. Na bayanka bai san ka sassauta ba. Ko da giya kake riƙo, ɗan taɓa birki ya ga ja. Kuma in ana ruwa ko hanya tana santsi, kada ka fizge ƙafa daga kulochi. Inji tayoyin da yake ja kawai yake riƙewa, birki kuwa duka huɗu, kuma shi ne ke da ABS, na'urar da ke hana tayoyi kullewa su zame.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: in na sa giya uku a gangaren injin yana kuka sosai. Ba lahani nake yi masa ba?

Wani makanike:
Kukan ba ciwo ba ne, ƙanena. Kalli agogon juyin inji. In allura tana wajen 3,000 zuwa 4,000, nesa da jan layi, injin fetur mai lafiya ba ya jin komai. Haɗarin shi ne ka jefa giya biyu kana gudun giya biyar. A nan tayoyi za su juya injin fiye da ƙarfinsa, kwamfuta ba ta iya hanawa, bawul, murfin ƙofar iska a cikin inji, na iya karo da fisto, injin ya lalace. Don haka birki tukuna, gudu ya sauko, sannan ka canza. Kafin ka saki kulochi ka ɗan taɓa totur juyin ya tashi, za ka ji giyar ta kama ba fizga. Ka gwada wannan a fili inda babu motoci kafin ka kai shi gangara.