Manifol uku aka nuna mini, duk an ce na Golf 1.8 ne: yaya ake bambance su?

Mai Golf, Arkilla

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana injin Volkswagen da ke wannan zaure. Ina da Golf 3 mai inji 1.8 wadda nake jigilar fasinja da ita tsakanin Sakkwato da Illela, kuma tun ƙarshen damina ta fara ba ni wahala. Silo, wato gudun inji idan ba a taka totur ba, ba ya tsayawa wuri ɗaya, ya hau ya sauka, wani lokaci har ta mutu a shataletale idan na ɗaga ƙafa, sannan shan manta ya ƙaru. Makaniken da nake kai wa ya ba da shawarar a cire injekta a mayar da ita kafireta, kamar yadda ake yi wa Golf ɗin haya da yawa, ya ce abin da zan fara nema shi ne manifol ɗin shan iska, wato bututun da ke raba iska zuwa cikin silinda, wanda kafireta za ta zauna a kai.

Na je wurin wani mai sayar da kayan Beljiyam, ya fito mini da guda uku, ya ce kowanne zai ɗauru a injina. Biyu gajeru ne, suna da mazauni a sama da wani faifai mai waya a ƙasa, kuma ban ga abin da ya raba su ba sai bakin mazaunin. Na ukun babba ne, bututunsa huɗu dogaye sun lanƙwasa sun haɗu a wani tulu, ba shi da mazauni a sama ko kaɗan. Wanne ne na kafireta, kuma da me zan tabbatar kafin in biya kuɗi, tunda idan kaya ya bar shago mayar da shi yana da wuya?

Tsohon Makanike, Buzaye

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka koma shagon, fara sanin injin da ke cikin motarka, domin cewa 1.8 kawai ba ta isa ba. Duba jikin bulok ta gaba, sama da filtar baƙin mai, kusa da dalko, wato abin da ke raba wuta zuwa fulogi, za ka ga haruffa da lambobi an buga su a ƙarfe. Suna nan kuma a takardar da ke manne cikin but kusa da safayar taya, amma na jikin bulok ne abin dogaro, saboda motocin da suka daɗe a hannunmu da yawa an canja musu inji. Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991, idan 1.8 ce za ka tarar da AAM, ko ABS, ko ADZ, kuma dukansu injekta ɗaya gare su a tsakiya, irin na Bosch da ake kira Mono-Motronic, wanda yake zaune a kan manifol daidai inda kafireta take zama.

Wannan ne dalilin da biyun gajerun suka yi maka kama. Ɗaya na Golf 2 ne mai kafiretar Pierburg 2E2, wadda take zuwa a injin GU na 1.8 da EZ na 1.6, ɗayan kuma irin wanda ke cikin motarka yanzu ne. A duka biyun fetur da iska suna gauraya ne tun daga sama su bi bututu tare, shi ya sa aka yi su gajeru kuma aka tanadar musu ɗumi. Faifan nan mai waya da ka gani a ƙasa hita ce ta lantarki, idan ka kwance ta za ka ga cikinta ƙayoyi ne kamar bayan bushiya, aikinta ɗumama fetur da safe, sai ta kashe kanta idan ruwan inji ya yi zafi. Inda suka rabu shi ne mazauni: kafireta maƙogwaro biyu gare ta, injektan tsakiya kuwa ɗaya, don haka robar da ke shiga tsakani ba iri ɗaya ba ce. Ka tafi da kafiretar da za a sa tare da robarta, ka ɗora a kan manifol ɗin a gaban mai kaya. Idan sai an fafe rami ko an cika gefe da gam kafin ta zauna, ba nata ba ne.

Na ukun ka ajiye masa abinsa. Na injin da ke da injekta huɗu ne, irin na GTI ko 2.0 mai lamba 2E, kuma iska zalla ce ke bi ta cikinsa, fetur sai a bakin bawul ake fesa shi. Tof silindan waɗannan injuna ma daban ne, yana da ramuka huɗu na injekta a jikinsa.

Akwai kuma lamba da aka zuba tare da alminiyon a jikin kowane manifol. Goge ta da burushin ƙarfe ka karanta. Na kafireta da na injekta ɗaya suna ɗauke da 129 713 a tsakiya, na injekta huɗu kuwa 133 223. Lambobi ukun farko suna nuna dangin injin, 026 ko 051 ko 037, harafin ƙarshe kuma shi ke raba iri da iri a dangi ɗaya. Ka yi hattara da wanda zai miƙo maka na Golf 3 mai 1.6 irin ABU yana cewa ai na 1.6 yana shiga 1.8. Maganar gaskiya ce ga 1.6 na Golf 2, ba ga ABU ba. Na ABU ƙaramin bulok ne, salansarsa ta gaba take fita, alhali naka shan iska da salansa duk a baya suke, ɗaya bisa ɗaya, kuma ramukansu ba sa haɗuwa. Mafi sauƙin gwaji shi ne ka sayi sabon gaskit na injinka ka shimfiɗa a fuskar manifol ɗin, ka ga ko ramukan iska huɗu da na kusoshi shida sun faɗa daidai, sannan ka ɗora rula ta ƙarfe a fuskar don ganin ko ta bauɗe.

Direban Tambuwal

Baba ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Abin da zan ƙara daga abin da na gani a tawa shi ne, duk wanda ka saya, ka sa a toshe hanyar ruwan da ke ratsa shi, a cire wayar hitar. An yi waɗannan abubuwa ne don sanyin Jamus, mu kuwa a Afrilu zafi yana wuce digiri 40, ga manifol ɗin yana zaune a kan na salansa. Tawa idan na kashe ta da rana sai fetur ya tafasa a kafireta ta ƙi tashi, kuma da aka toshe ruwan na ga sauƙi.

Malamin Kanikanci, Runjin Sambo

Ɗan'uwa Direban Tambuwal, ban goyi bayan toshe ruwan ba. Fetur idan yana zama tururi sanyi yake jawowa, har za ka iya taɓa ƙasan kafireta inji yana aiki ka ji sanyi ko da rana ce. Idan bangon manifol ya yi sanyi, fetur yana kwanciya a jikinsa ya riƙa gangarawa, silinda ɗaya ta samu da yawa wata ta samu kaɗan, sai ka ga fulogi biyu sun yi baƙi biyu sun yi fari. Da safiyar hunturu a Disamba da Janairu abin ya fi bayyana. Tafasar da ka gani ta fi kama da rashin farantin da ke kare zafin salansa, ko tiyon mai da aka bi da shi kusa da zafi.

Amma ni abin da ya fi damuna, Malam Mai Golf, shi ne ko motarka tana bukatar wannan aikin tun farko. Alamun da ka lissafa su ne ainihin alamun tsagewar robar nan da ke ƙarƙashin injekta, wadda zafi da nauyin abin da ke kanta suke cinyewa, sai iska ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya. Ka tayar da inji, ka kama kan injektan da hannu ka ɗan girgiza shi gaba da baya. Idan ƙarar ta canja ko inji ya mutu, ka samo cutar. Duba kuma babban tiyon da ya tashi daga manifol zuwa tulun iskar birki, da na'urar da ke auna zafin ruwa, domin idan ta lalace ƙwaƙwalwar motar tana ɗaukar inji bai yi ɗumi ba ta yi ta ƙara mai. Kada a fesa fetur a wurin don neman tsaga kamar yadda wasu ke yi, salansa tana ƙasa kuma wuta ba ta da wuyar tashi.

Sannan ka sani manifol shi ne mafi arha a cikin sauyin. Famfon mai na injektan tsakiya yana tura mai da matsin da ya kai wajen bar 1, kafireta kuwa kusan rubu'in haka take so, idan ba a rage ba za ta yi ta ambaliya. Dalkon Mono-Motronic ba ya gyara lokacin wuta da kansa, ƙwaƙwalwa ce ke yi masa, don haka sai an nemo na Golf 2 mai tulun iska a gefe tare da akwatin wutarsa. Motocin da aka mayar kafireta aka bar musu tsohon dalko su ne kake gani ba su da ƙarfi a hanya suna shan mai.

Mai Golf, Arkilla

Na gode ƙwarai, Baba da Malam. Na duba bulok, ABS ne. Na girgiza injektan kamar yadda Malam ya ce, nan take inji ya mutu, kuma da muka kwance sai ga robar ta tsage ta baya, gefen da ido ba ya kaiwa, har yatsa yana shiga. Na fasa sayen manifol, robar zan nema. Sai dai mun tarar wanda ya riƙe motar kafina ya riga ya toshe bututun ruwan da guntun katako. In mayar da shi ko in bar shi haka?

Tsohon Makanike, Buzaye

Mayar da shi, ɗana, amma sai an kwance manifol ɗin gaba ɗaya. Ruwan yana fitowa ne daga wani rami a fuskar tof silinda, kuma zoben roba ne ke tare shi, wanda a motar da ta kai waɗannan shekaru ya riga ya bushe. A kankare tsatsar wurin, a sa sabon zobe da sabon gaskit, a ɗaure kusoshin da alanki daga tsakiya zuwa gefe. Idan bututun da tiyo ke kamawa ya rube, to a nan ne za ka koma shagon, ka ɗauki na biyun nan mai mazauni irin naka, bayan ka haɗa lambarsa da ta wanda ka cire.